Saniyar da Ba Ta Cin Ciyawa

Ni na koya wa Bappa Mijinyawa Turanci, kuma duk wanda ya ce muku aikin ya zo da sauƙi, ku turo min shi. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da 'yan firamare a Rogo Sabon Gari, na ga yara masu taurin kai iri-iri, amma ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da ya sa ni ciwon kai kamar wannan dattijon ba. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu da mahaifin namu ya rasu. Ka ga kuwa babu halin in ɗaga masa murya, balle in nuna masa bulala.

Abin da ya kawo maganar, wata ƙungiya ce ta zo da shirin ɗaukar mutum ɗaya daga kowace mazaɓa a Ƙaraye da Rogo, a koya masa yi wa shanu allurar rigakafi. Sharaɗinsu shi ne sai mutum yana jin Turanci daidai gwargwado, don rubutun jikin kwalaben magani da takardun horon duk da shi aka yi su. Za a yi tantancewa ta baka, tambaya goma cikin minti goma, wanda ya fi maki a mazaɓarsa shi ke da gurbin. Suka raba wani ɗan littafi mai hotuna, cike da tambayoyin sanin yau da kullum: sunayen dabbobi da itatuwa, abinci, ranakun mako, bukukuwa, lokutan shekara, har da kifayen teku.

Bappa shekarunsa hamsin da takwas, bai taɓa zama a bencin boko ba. Da Fulatanci ya buɗe baki, Hausa kuwa ba ka ce ba Bakano ba ne, yana kuma karanta ajami tsaf. Shekara shida da suka wuce ciwon huhu ya faɗa garkensa a Rogo Ruma, ya kwashe masa shanu goma sha ɗaya cikin wata biyu. Mai allura bai iso ba sai da aka gama asarar. Tun daga nan ba ya yin zancen, mu ma ba ma yi a gabansa.

Wata Asabar sai ga shi a gidana da littafin a aljihun gaba. Bayan mun gaisa, ya tambayi maigidana da yara, ya sha ruwa, sai ya ajiye littafin a kan tabarma.

“Nuriyya, wata uku ya isa mutum ya ji yaren nan?”

Na ce, “Bappa, ya danganta da mutumin.”

“To, mutumin ni ne.” Ya gyara zama. “Amma ki ji tun yanzu. Sau ɗaya zan zauna a gaban yaran nan su yi min tambaya. In na faɗi, shi ke nan, ba zan koma ba, ke ma kada ki sake tayar min da maganar.”

Na san shi. In ya ce ba zai koma ba, ko duk garin zai taru a kansa ba zai koma ba.

Muka fara, kowace Asabar da Lahadi bayan La'asar, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidana. Da ya shigo sai ya ce, “Malama, an wuni lafiya?” ni kuma in ji kamar in nutse don kunya, shi ko a jikinsa. Kowace kalma na faɗa sai ya rubuta ta da ajami a wani ɗan kundi, ya tafi da ita kiwo, ya yi ta maimaita wa shanu. Kansa kuwa, tubarkalla. Abin da 'yan ajina ke wata guda suna cuɗawa, shi a zama biyu ya haddace.

Matsalar ba haddar ba ce. Matsalar ita ce Bappa ba ya barin littafi ya yi magana ya tafi salin alin. Littafi ya ce lokutan shekara a ƙasar nan biyu ne, na ruwa da na rani. Bappa ya ajiye biro.

“Ina suka kai bazara? Ina kaka? Wanda ya rubuta wannan, a wane wata yake cire gyaɗarsa?”

Muka zo kan hoton saniya, na faɗa masa sunanta da Turanci. Ya ce to karsana fa, wadda ba ta taɓa haihuwa ba? Na ce duk sunan ɗaya ne. Ya girgiza kai ya ce ashe mutanen nan ba su san shanu ba. Abin ya tsaya min a rai, washegari na je ofishin hedimasta na tono kalmar a ƙamus, na kawo masa. Maimakon ya gode, sai ya ce, “Ashe malamar ce ba ta sani ba.”

Ranar da haƙurina ya ƙare, buga benci na yi da tafin hannu, har kaji suka watse.

“Bappa, don Allah ka saurare ni. Ba shawararka za su nema ba. Abin da littafi ya ce shi za ka faɗa, ka karɓi makinka, ka fito. In ka samu gurbin, ka yi ta gyara musu har ka gaji.”

Ya dube ni, ya dubi bencin, ya ɗauki bironsa. Ni ce daga baya na yi ta jin nauyin abin har na kasa cin tuwon dare.

Wuri ɗaya ne Turancin ya ƙi zama masa, wato korewa. Zai ce abu yana faruwa daidai, amma in za a ce ba ya faruwa, sai ya jefa kalmar korewar duk inda ta faɗa, wani lokaci a farko, wani lokaci a ƙarshe. Mako biyu muna abu ɗaya. Da na ga lokaci yana tafiya sai na haƙura, na ce wa kaina ai babu tambayar da ke neman korewa a littafin. A shafi na tara akwai zanen saniya ta sunkuyar da kai a ciyawa, an tambaya me take yi, amsar kuma “The cow is eating grass,” wato tana cin ciyawa. Wannan kam ko daga barci ka tashe shi zai ba ka ita.

Ranar tantancewa ta zo, wata Asabar cikin damina, a ɗakin taron wata makaranta a Ƙaraye. Bappa ya sa shuɗiyar babbar rigarsa ta zuwa Idi. Mutum biyar suka zo daga Rogo Ruma, huɗu samari ne masu takardar sakandare. Muna zaune a inuwa ɗaya daga cikinsu ya matso ya ce, “Baba, ɗanka ka rako?”

Kafin Bappa ya buɗe baki na ce, “Kai, in ba ka iya gaisuwa ba, ka iya yin shiru.” Bappa ya taɓa min hannu, na haɗiye sauran, amma fa da ƙyar.

Shi aka kira a ƙarshe. Kafin nan labari ya riga ya fito cewa wanda ya fi maki cikin samarin mazaɓar Bappa ya ci takwas. Ke nan Bappa sai ya kawo tara. Na zagaya bayan ɗakin, na sami tagar da gilasanta biyu suka fita, na tsaya. Ban ga wanda ya isa ya hana ni ba.

Mutum biyu ne a teburin. Mai yin tambayar wani saurayi ne mai tabarau, Nasiru, ma'aikacin ƙungiyar, da kwamfuta a gabansa. A gefensa wata dattijuwa ce, Dakta Talatu Maiturare, likitar dabbobi, tana ta cike wasu takardu, da alama ta gaji da jin amsa iri ɗaya tun safe. Nasiru ya saita agogon wayarsa ya fara.

Suna da gari, Bappa ya faɗa tar. Dabbobin gida guda uku, ya ba shi biyar. Me ake samu daga gyaɗa, ya ce mai da ƙuli-ƙuli, ya ƙara da cewa ganyen na shanu ne. Nasiru ya yi murmushi ya ba shi maki. Ina bakin taga ina jin kaina yana ƙara girma.

Sai tambaya ta huɗu. Nasiru ya juyo masa da kwamfutar. Ba zanen littafin ba ne, hoto ne na gaske, wata farar saniya a tsakiyar koriyar ciyawa, kanta a ƙasa. Ya tambaye shi me saniyar take yi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, shafi na tara. Har leɓena ya fara karanta amsar.

Bappa ya ƙura wa hoton ido. Ya jawo kujera, ya kai fuskarsa dab da gilashin kwamfutar, ya yi ta kallo. Ni kuwa ina ƙirga daƙiƙu. Sannan ya ɗago ya ce a nitse:

“The cow is not eating.”

Wallahi abu biyu na ji lokaci ɗaya. Na farko, kamar in fasa sauran gilasan tagar in shiga in girgiza shi, tunda ya ce saniyar ba ta cin komai, ya zubar da makin da ke hannunsa. Na biyu kuwa, kalmar korewar nan da ta gagare mu mako biyu, ga ta nan ta zauna daram a inda ya kamata.

Ya ƙara da cewa saniyar ba ta da lafiya. Nasiru ya duba takardarsa, ya ja ɗan layi, ya ce da Turanci a je tambaya ta gaba. Bappa ya ɗora tafin hannunsa a kan teburin.

“Wait. Where is this cow?” Wato a dakata, a ina saniyar nan take.

Nasiru ya ce masa da Hausa, “Baba, hoto ne kawai na jarrabawa, lokacinka yana tafiya.”

Bappa bai koma Hausa ba. An gaya masa da Turanci ake magana a ɗakin nan, don haka da Turancin ya ci gaba, a karye, a gurguje, amma bai tsaya ba. Ya ce a dubi wuyanta, gaba ta miƙe shi, ba ƙasa ta kai baki ba. Ya ce bakinta a buɗe yake, ba ciyawa take nema ba, iska take nema. Da kalmar ta ƙare masa sai ya miƙe tsaye da babbar rigarsa, ya ware gwiwoyin hannunsa waje, ya ranƙwafa, ya nuna yadda saniya ke tsayuwa in haƙarƙarinta na ciwo. Ya sa yatsa a can ƙarshen hoton inda sauran shanun suka yi nisa, ya ce sun tafi sun bar ta, don ba ta iya bin su. Samarin da suka taru a bakin ƙofa suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa tun da na fara koyarwa ban taɓa jin ɗalibina ya yi Turanci mai tsawon wannan ba tare da an sa masa a baki ba.

Agogon wayar ya yi ƙara. Minti goma sun cika, Bappa yana da maki uku. Na jingina goshina da ƙarfen tagar, idona ya kawo ruwa don takaici.

Sai Dakta Talatu ta ajiye bironta.

“Nasiru, juyo min da hoton nan.”

Ta sa yatsa biyu ta ƙara masa girma, ta duba wuyan, ta duba ƙafafun gaba. Fuskarta ta canza.

“Yaushe aka ɗauki wannan?”

“Shekaranjiya, Dakta, ranar Alhamis. Ni na ɗauka. Na ga zanen littafin duk sun haddace shi, shi ne na ce bari in kawo na gaske.”

“A ina?”

“A Yammedi.” Ya cire tabaransa, muryarsa ta yi ƙasa. “Garken goggona ne. Na ga ta yi kyau a cikin ciyawar.”

Dakta ta miƙe ta tattara takardunta, ta ce wa Bappa, “Malam Mijinyawa, za ka iya raka mu?” Kafin su kai ga motar ƙungiyar na riga su isa. Direban ya dube ni, na ce masa ni 'yar dattijon ce kuma malamarsa, ya matsar min da jakar da ke kan kujera.

Rugar tana bayan gari, sai da muka bar motar muka bi burtali da ƙafa. Goggo Ummi, yayar mahaifin Nasiru, tsohuwa ce siririya, ta fito tana murnar ganin ɗanta da baƙi, tana kiran a kawo tabarma da nono. Ba mu zauna ba. Farar saniyar tana kwance a gindin wata ɗorawa, numfashinta ana jin sa daga nesa. Goggo ta ce tun jiya ta ƙi tashi, sun ɗauka ko wani abu ta ci. Sauran garken kuma, shanu talatin da wani abu, da yamma za a kora su mashaya, inda garken rugage huɗu ke haɗuwa.

Bappa ya tuɓe babbar rigar ya miƙa min. Ya karɓi sanda a hannun makiyayin garken, ya shiga cikin shanun, ya kora su da ɗan gudu suka zagaya fili, sannan ya tsayar da su ya kasa kunne. Can sai ga tari, ƙasa-ƙasa, daga nan, daga can. Ya bi ya ware huɗu. Dakta ta sa abin sauraren ƙirji ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a kan kowace sai ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ɗebi abin da za ta ɗiba don gwaji, ta koma gefe tana ta waya, ta ce kada ƙafar saniya ɗaya ta taka mashaya, ranar Litinin kuma za a zo da allura a bi rugagen duka. Farar kam, ta ce, ba ta jin za ta tashi.

Goggo Ummi ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zane. Bappa ya tsuguna nesa kaɗan da ita, ya yi mata magana da Fulatanci, a hankali. Ina jin sa. Ya ce mata shi goma sha ɗaya ya rasa, ya kira mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ita ta gode wa Allah an gani da wuri. Shekara shida ban ji ya ambaci shanun nan ba sai ranar.

Duk wannan ya taɓa ni, amma ni abin da ya kawo ni bai fita daga raina ba. Da Dakta ta gama waya na tare ta.

“Dakta, ki yi haƙuri. Maganar jarrabawar fa?”

Bappa ya watso min harara, na yi kamar ban gani ba.

Ta ce, “Ba zan ba shi makin da bai ci ba, akwai yaron da ya kawo takwas da guminsa. Amma amsarsa ta huɗu daidai ce, takardarmu ce ta yi kuskure, mintunan da suka tafi kuma mu muka cinye masa. Nasiru, sauran shidan, yi masa su a nan.”

A nan ɗin kuwa aka yi, a tsaye, shanu suna kewaye da mu. Nasiru ya zaro takardar. Ranar da ke bin Laraba, Bappa ya ci. Abin da ƙudan zuma ke ba mu, ya ci. Bikin da ake yi bayan azumi, ya ci. Launin ganyen dawa da damina, ya ci. Takwas ke nan, saura biyu, ɗaya yake nema.

Ta tara ita ce dabbar da ta fi kowace girma a teku. Mun yi ta, na rantse mun yi ta, tana shafi na ashirin da biyu. Bappa ya ce da Turanci bai sani ba, ya ƙara da Hausa cewa bai taɓa ganin teku ba, ba zai yi wa dabbar mutane ƙarya ba. Na danne bakina da babbar rigarsa don kada abin da ke cikina ya fito.

Ta goma, gizo-gizo ƙafarsa nawa. Wannan tana shafin ƙarshe, wanda ba mu kai ba. Ni kaina, malamar, a tsaye nake ina kokawa tsakanin shida da takwas.

Bappa ya lumshe ido kaɗan, ya tanƙwashe yatsunsa yana ƙirgawa da Turanci a ƙasan murya, don lambar ce yake nema, ba ƙafafun ba. Ya ce takwas. Nasiru ya sunkuya zai duba takarda.

“Ba sai ka duba ba, ɗana,” in ji Bappa. “Na ƙirga su tun ba a haife ka ba.”

Nasiru ya duba duk da haka, ya ɗago ya ce, “Tara, Dakta.” Ta karɓi takardar ta ɗora a bayan jakarta, ta rubuta, ta sa hannu. Ta ce wa Bappa horo zai fara ranar ɗaya ga wata, amma in ba zai damu ba, tana so ya zo ranar Litinin ya taya su ware masu tari. Ya ce in Allah ya kai mu. Ko murmushi bai yi ba, ya miƙo hannu na ba shi rigarsa.

Goggo Ummi tana kallon duk abin nan ba ta fahimci rabinsa ba. Ta tambayi Bappa da Fulatanci, shi da yake makiyayi kamar su, a ina ya samo yaren likitoci.

Ya gama sa rigar, ya gyara wuyanta, sannan ya nuno ni da leɓe.

“Wajen 'yata. Ita ta zaunar da ni ta koya min, baƙi bayan baƙi. Duk Rogo babu malama kamarta.”

Mutumin da ya riƙe ni shekara talatin da wani abu, bai taɓa yaba min a gaban idona ba, ko ranar da na kawo takardar gama kwaleji cewa ya yi in je in ci abinci. Na juya baya ina goge fuska da gyale.